Saƙon 'Ya'yanmu: Jawabin Baƙuwa a Bikin Zagayowar Ranar Kafa Ƙungiya



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da iyayenmu maza da suka samu halarta, barkanku da wannan rana. Allah ya ƙara wa ƙungiya albarka, ya kai mu baɗi war haka da rai da lafiya.

An ce in yi magana a kan matasa. Na san da jin haka wasunku sun ja tsaki a zuci, wai ai yaran nan ba sa ɗaga kai daga waya. To, ku yi haƙuri, yau ba ƙararsu na kawo ba, saƙonsu na kawo.

A shekarar 2021 wasu masana daga jami'o'i daban-daban, cikinsu har da Malama Caroline Hickman ta Jami'ar Bath a Ingila, suka yi wa matasa 10,000 tambayoyi a ƙasashe 10, mutum dubu a kowace ƙasa. Masu shekara 16 zuwa 25 aka tambaya, kuma Nijeriya na ciki, tare da irin su Indiya, Brazil, Faransa da Amurka. Maganar a kan sauyin yanayi ce. Kashi 59 cikin ɗari suka ce abin yana damun su ƙwarai. Fiye da kashi 45 suka ce damuwar tana shafar harkokinsu na yau da kullum. Kashi 75 kuwa, wato uku cikin kowane huɗu, suka ce gaba tana ba su tsoro.

Iyayena, ku dubi wannan na ƙarshen da kyau. Yaro ɗan shekara ashirin, wanda ya kamata a ce yana ta lissafin sana'a da aure, shi ne yake cewa gobe na ba shi tsoro.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kashi na biyu na binciken. An tambaye su yadda suke ganin gwamnatocinsu, sai aka tarar waɗanda suke jin an ci amanarsu sun fi waɗanda suke jin an kwantar musu da hankali. Masanan suka ga damuwar yaran tana tafiya tare da wannan jin, cewa manya sun ga matsala sun kau da kai. Kun ga ke nan ba zafin rana kaɗai ke cin su ba, har da rashin mai sauraro.

Ta intanet aka yi tambayoyin nan, saboda haka yarinyar da ke tallar awara a bakin tasha ba lallai muryarta ta shiga ba. Amma ita ba ta buƙatar jami'a ta faɗa mata. Ta ga ambaliyar 2022 da ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, Jigawa na cikin inda abin ya fi muni. Ta ji labarin madatsar Alau da ta fashe a Satumban 2024, ruwa ya shanye Maiduguri. Kuma ita ake aika sayen itace da gawayi, ta fi mu sanin yadda ƙulli yake raguwa kuɗi na ƙaruwa.

To, ina za su kai kukansu? A takarda dai ƙofa a buɗe take. A watan Mayun 2018 aka sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takara: ɗan shekara 25 yana iya neman majalisar jiha ko ta wakilai, ɗan 35 yana iya neman shugaban ƙasa. A rajistar zaɓen 2023, cikin mutum fiye da miliyan 93, kusan kashi 40 cikin ɗari masu shekara 18 zuwa 34 ne. Amma da ranar ta zo, waɗanda suka fita jefa ƙuri'a, babba da yaro, ba su kai kashi 30 ba.

Ni a ganina, wani ɓangare na laifin yana tsakar gidanmu. Yarinyar da tun tasowarta ba a taɓa ce mata "me kika gani?" ba, sai "tashi ki yi", ta yaya rana ɗaya za ta yarda ra'ayinta na da nauyi? Kuma suna kallonmu fa. Idan lokacin zaɓe ya zo muka karɓi taliya da sabulu da turmin atamfa, sun gani, sun kuma san farashin da muka sa wa ƙuri'a.

Alhali makarantar tana hannunmu. Ƙungiyar gama-kai irin tamu, ƙa'idarta mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya, komai yawan zubinki. Tun 1844 mutum 28 suka kafa irin wannan tsari a garin Rochdale na Ingila, kuma mata sun samu ƙuri'a a ƙungiyarsu shekaru da dama kafin ƙasarsu ta ba su. Mu nan Arewa, sai a 1979 mata suka fara zaɓen shugabannin ƙasa, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan haka. Akwai iyayenmu a wannan zaure da suka tuna lokacin.

Ku duba maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram. Tun wajen 1983 manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani: in an zo sharar gona ba a tumɓuke kututture, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse saura. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka bishiyoyi kusan miliyan 200 suka dawo a kan hekta miliyan 5, gawo na kan gaba. Da can ana ɗaukar bishiya ta hukuma ce, manomi bai ga dalilin renonta ba. Da ya tabbata tasa ce, ƙauyuka suka kafa kwamitoci suka yi wa sara doka, sai daji ya farfaɗo, mata suka samu sauƙin doguwar tafiya neman itace. Mutum yana tsare abin da yake da baki a kansa.

Shi ya sa nake roƙon Hajiya Shugaba da 'yan kwamiti abu ɗaya. A ware kujera biyu a kwamiti ga 'yan matanmu da ƙananan matan aure da ba su wuce shekara 25 ba. Ba na raba lemo da shimfiɗa tabarma ba, kujera mai ƙuri'a. A sassauta musu kuɗin shiga, a sa ɗaya ta zauna kusa da ma'aji ta koyi riƙe littafi. Sannan a ba su aiki na gaske su fara da shi: su bincika mana nawa masu tuya da masu abincin sayarwa a cikinmu suke kashewa a itace duk wata, su kwatanta da murhu mai rage cin itace da kuma gas, su kawo lissafi gaban taro mu jefa ƙuri'a.

Wata za ta ce wannan ai jawo raini ne. Ba na musun za a samu mai rawar kai, a cikinmu manya ma akwai. Dokar da ke ladabtar da mu ita za ta ladabtar da su: wadda ta makara ta biya tara, wadda ta katse magana a tsawatar mata.

Ina fatan sakatariya za ta sa wannan batu a jerin abubuwan da za a tattauna a taro mai zuwa, kuma kowacce ta zo da 'yarta ranar.