Binciken Wayoyin Lantarki a Gidajen Haya: Nauyin da Dokar Ingila ta Ɗora wa Mai Gida



Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan magana gaskiya ce game da rufi da indararo, amma ba ta kama wayar lantarki ba. Wayar tana binne cikin bango ko a bayan sili, tana iya yin shekara da shekaru tana lalacewa, ƙwai na kamawa, firji na sanyi, mai ɗaki bai san kome ba. In kuwa gidan na haya ne, to, matsalar ta ninku. Wanda ke kwana tare da wayar ba shi ya sa ta ba, ba shi kuma da ikon canza ta. Wanda ke da ikon kuwa yana can yana barcinsa a wani gida dabam. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda Ingila ta ɓullo wa wannan al'amari da dokar da ta kafa a 2020, wadda ta tilasta wa masu gidajen haya su riƙa sa a bincika musu wayoyinsu.

An ɗauki Ingila ne saboda dalili biyu. Ɗalibai da ma'aikatan da ake turawa can ƙaro ilmi a gidajen haya suke sauka, dokar kuwa ta shafe su kai tsaye. Sa'an nan tsarin wayar gida a Nijeriya daga Birtaniya aka gaje shi: ƙarfin wutar ɗaya ne, watau bolt 230, soket ɗin ma shi ne mai ramuka uku masu kusurwa.

Yadda waya ke kisa

Wayar gida na kisa ta hanya biyu, ko ta ja mutum, ko ta tada gobara. Kowace na'ura mai jikin ƙarfe, kamar dutsen guga ko tukunyar dafa ruwa, ana haɗa jikinta da waya ta uku wadda ake kira wayar ƙasa. Muddin kome na lafiya, wannan waya zaman banza take yi. Ranar da waya mai wuta ta zame ta taɓa jikin ƙarfen, ita ce ke kwashe wutar da ƙarfi har fis ya tsinke. In wayar ƙasa ta katse a wani wuri cikin bango, babu alamar da za a gani. Na'urar za ta ci gaba da aiki kamar kullum, sai dai wutar tana nan kwance a jikin ƙarfen tana jiran hanya, kuma jikin ɗan Adam, musamman in ya jiƙe, hanya ce mai kyau.

Abin da ke halaka mutum bai kai ya tsinka fis ba. Fis ɗin da ke cikin filogin Ingila mafi girma na amfiya 13 ne, alhali wutar da ba ta kai kashi 1 cikin 10 na amfiya ɗaya ba ta isa ta rikita bugun zuciya. Saboda haka ne aka ƙirƙiro wata na'ura da ake kira RCD, wadda ake sawa a akwatin rarraba wuta. Aikinta shi ne ta riƙa auna wutar da ta fita da wadda ta komo. Da zarar bambancin ya kai kashi 30 cikin 1,000 na amfiya, sai ta gane wuta na zurarewa ta wani wuri, ta katse ta kafin a ƙifta ido. Tsofaffin gidaje da yawa an ja musu waya tun ba a fara sa ta ba.

Gobara kuwa yawanci daga mahaɗa take tashi. Inda aka haɗa waya da soket, in kusar ta saki, wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya riƙa zafi kaɗan kaɗan har robar ta ƙone. Haka nan wayar da aka ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinta, da kuma tsohuwar waya mai rigar roba irin ta kafin shekarun 1960, wadda ke bushewa ta riƙa marmashewa.

Abin da ake da shi kafin 2020

Ba wai Ingila ba ta da ƙa'ida ba ne. Tun 1882 injiniyoyinta suka buga littafin ƙa'idojin jan waya na farko, wanda aka yi ta sabuntawa har ya zama ma'aunin ƙasa mai lamba BS 7671, bugu na 18 ya fito a 2018. Dokar mai gida da ɗan haya ta 1985 ma, a sashe na 11, ta ce wajibi ne mai gida ya kula da kayan ruwa da gas da lantarki su kasance suna aiki sosai. To amma a aikace wannan wajibi ba ya motsi sai mai gida ya sami labarin ɓarnar. Ɗan haya zai iya kai ƙarar famfo mai yoyo domin yana ganinsa. Yaya zai kai ƙarar wayar ƙasa da ta katse a cikin bango?

A 2008, a yankin Konwal da ke kudu maso yammacin Ingila, wata mata mai 'ya'ya biyu ta tare da iyalinta a wani gidan haya. Kwanaki kaɗan bayan tarewar, wuta ta ja ta a wurin wanka ta mutu. Da aka bincika sai aka tarar wata na'urar ɗumama ɗaki ce ta lalace, gidan kuma ba shi da wayar ƙasa mai aiki, saboda haka wutar ta bi ta ƙarfen famfo. Rabon da a duba wayoyin gidan tun 1981. Abin da ya fi damun jama'a shi ne, a lokacin babu dokar da ta ce sai an duba ɗin. Gas kuwa, dokar 1998 ta wajabta wa mai gida ya sa a duba shi kowace shekara. Dokar 2006 ta sa binciken waya kowace shekara 5, amma a gidajen da baƙin juna ke zama ɗaki-ɗaki kaɗai.

Sikotlan ce ta fara toshe wannan kafa a Disamba 2015. Ingila ta bi baya, Wels kuma a Disamba 2022.

Dokar 2020

Dokar ta fara aiki kan sababbin yarjejeniyoyin haya ran 1 ga Yuli 2020, ta kuma game duk sauran ran 1 ga Afrilu 2021. Jigonta shi ne ta juyar da nauyin. A da mai gida na zaune ne sai an kawo masa labari. Yanzu shi ne zai tashi ya nemi labarin, ya biya kuɗin nemansa, ya kuma miƙa shi a rubuce ga mutumin da abin ya fi shafa.

Tilas ne ya kira ƙwararren mai aikin lantarki ya bincika gidan aƙalla sau ɗaya cikin shekara 5, ko ƙasa da haka in rahoton baya ya ce a dawo da wuri. Binciken ba leƙe ba ne. Ana kashe wutar gidan na ɗan lokaci, a buɗe akwatin rarraba wuta da wasu soket da makunnai, a auna ko wayar ƙasa ta isa ko'ina ba katsewa, a auna lafiyar rigar wayoyin, a tabbatar ba a juya waya mai wuta da 'yar'uwarta ba, a kuma gwada saurin RCD. Daga nan sai mai binciken ya rubuta rahoton da ake kira EICR.

Kowane aibi da aka gani akwai lambarsa, kuma ya kamata duk mai shirin kama haya a can ya san su. C1 na nufin haɗari na nan a fili, kamar waya mai wuta tsirara inda hannu zai kai; irin wannan akan kawar da shi nan take kafin mai binciken ya bar gidan. C2 na nufin abin bai kai ga ɓarna ba tukuna, amma in wani abu ɗaya ya ƙara lalacewa zai kai, kamar rashin wayar ƙasa. FI na nufin an ga abin da ba a gane ba, sai an ƙara tonawa ba da ɓata lokaci ba. Ko ɗaya daga cikin waɗannan uku ya bayyana, gidan ya faɗi. C3 kuwa shawara ce ta gyara, ba ta kayar da gida. Wannan rarrabewa tana da hikima, gama da an ce kowane tsohon gida sai ya dace da bugu na 18 baƙi da baƙi, da gidaje masu yawa waɗanda lafiyarsu lau sai an fasa bangonsu a banza.

In gida ya faɗi, mai shi na da kwana 28 ya gyara, ko ƙasa da haka in rahoton ya ƙayyade. In an gama, sai ya karɓi shaidar gyaran a rubuce ya aika wa ɗan haya da ƙaramar hukuma cikin wani kwana 28. Shi kansa rahoton, wanda ke cikin gida zai sami kwafinsa cikin kwana 28 da yin binciken, sabon ɗan haya kuwa kafin ya tare. Har wanda ke neman gidan bai riga ya biya ba, in ya nema a rubuce, sai an ba shi. Ƙaramar hukuma in ta nema, kwana 7 ne.

Ƙaramar hukumar ce ke riƙe da sanda. Tana iya aika wa mai gida takardar umurnin gyara, in ya yi kunnen uwar shegu ta tura nata ma'aikata da yardar ɗan haya, su yi aikin, ta bi shi kuɗin. Tana kuma iya cinsa tara ba sai an je kotu ba. Iyakar tarar a dokar 2020 fam 30,000 ce, gyaran da aka yi a 2025 ya ɗaga ta zuwa fam 40,000, ya kuma shigo da gidajen hayar da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin samar da gidaje ke bayarwa, waɗanda da farko aka bar su a waje. Mai gidan da ɗan haya ya hana shiga ba a kama shi da laifi, in dai ya nuna shaidar ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ɗalibai su lura, ɗakunan kwana na jami'a ba sa ƙarƙashin wannan doka, haka nan wanda ya kama ɗaki a gidan da mai shi ke zaune suna haɗa kicin ko makewayi.

Inda dokar ta gaza

Binciken ya tsaya ne kan abin da ke kafe a gini, watau wayoyi, soket, fitilu da akwatin rarraba wuta. Abin da ake sa wa filogi ba ya ciki. Gobarar dogon benen Grenfell a Landan, ran 14 ga Yuni 2017, wadda ta ci mutum 72, daga firji ta tashi a wani ɗaki na hawa na 4, kayan da aka lulluɓe jikin ginin da su kuma suka haura da ita sama. Da an auna wayoyin wannan ɗaki da safiyar ranar, ba lalle a ga kome ba. Haka kuma babu rahoton da zai hana ɗan haya ya jona na'urar ɗumama ɗaki biyu a kan soket ɗin jawo guda, alhali ɗaya kaɗai mai wat 3,000 ta cinye amfiya 13 ɗin duka.

Babban rauni kuwa yana ga mai binciken. Mai gida ne ke zaɓensa, shi ke biyansa, shi ne kuma zai yi asara in gidan ya faɗi. Dokar ta ce ya zama ƙwararre, amma ba ta wajabta ya kasance cikin wata rajista ba. Mai gaskiya zai ɗauki sa'o'i yana aune-aune. Wani kuwa zai yi araha, ya buɗe soket biyu, ya cika takarda. Takardar ƙarya ta fi rashin takarda muni, domin tana sa ɗan haya ya saki jiki.

Akwai kuma tsoro. Sashe na 21 na dokar gidaje ta 1988 ya bai wa mai gida damar tashin ɗan haya da sanarwar wata 2 ba tare da faɗin dalili ba. Mutumin da ya san haka, ga gidaje na wuya, zai yi tunani kafin ya kai ƙarar mai gidansa wurin hukuma. Dokar haƙƙin 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoba 2025 ta tanadi soke wannan sashe, wanda ba ƙaramin taimako ba ne ga dokar lantarkin, ko da yake ba dominta aka yi ba.

A Nijeriya, hukumar da aka ɗora wa bincike da gwaji da ba da shaidar ayyukan lantarki ita ce NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015. Ma'aikacin da zai yi tunanin aro wani abu daga tsarin Ingila sai ya sa lissafin abin da babu shi a can. Gidan haya a Kano ko Kaduna yakan sha wuta daga tushe biyu ko uku, ta kamfani da ta janareta da ta hasken rana, kowace da mai aikin da ya jona ta, sau da yawa ɗan haya ne ma ya kira shi. A irin wannan gida, tun kafin a zo batun shekara 5, sai an fara tantance wace waya ce ta mai gida, wace ce ta wanda ya tashi bara.

Wanda ya riƙi rahoton EICR a hannunsa kuwa, bayan ya duba ranar binciken da ranar da aka ce a sake, da ko gidan ya ci ko ya faɗi, sai ya nemi gurbin da mai binciken ke rubuta iyakokin aikinsa. A nan ne yake faɗin kashi nawa na soket ya buɗe, da ɗakin da ya tarar a kulle, da wayar da bai iya kaiwa gare ta ba.