Duba Da Karatun 'Ya'yanmu A Waje: Jawabi A Taron Ƙungiya

Shugaban ƙungiya, iyayenmu malamai, dattawa, 'yan uwa maza da mata na Kajuru, Kasuwan Magani da kewaye, Allah Ya saka da alheri da kuka amsa kira.

Maganar da ta tara mu yau ita ce ta 'ya'yanmu masu neman karatu a ƙasashen waje. Abin farin ciki ne, ba mu ƙi ba. Abin da ya dame mu shi ne, daga yaro ya kawo takardar makaranta, kafin uba ya nemi wanda zai karanta masa ita, ya riga ya aika wurin mai bugun ƙasa. A baza rairayi, a ɗiɗɗiga da yatsa, a ce hanya a buɗe take amma akwai wata baƙar mace da ta tare ta, a kawo jan zakara. Mun ji wannan ba sau ɗaya ba, kuma kullum macen baƙa ce.

Yaran kuwa da ke yi wa iyayensu dariya, nasu duban yana cikin waya. Wata karta ce da Turawa ke kira tarot, guda 78, kowace da zanenta. Wata mata daga can wata uwa duniya za ta zaro uku, ta ce wa ɗiyarka ga makomarta a Ingila. Asalin kartar nan ta wasa ce a Italiya tun ƙarni na 15, sai daga baya a ƙarni na 18 wasu a Faransa suka mai da ita abin duba. Ashe boka ne ya sa kwat.

Hukuncin kam mun koye shi tun muna Islamiyya. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wurin mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa har kwana arba'in. Wannan fagen malamai ne, mun bar musu. Mu 'yan kasuwa ne, ta fuskar kasuwa za mu yi magana.

Jama'a, abin da ke ɓoye iri biyu ne. Akwai gaibu, wanda Allah kaɗai Ya san shi. Ranar 15 ga Afrilu 2023, cikin azumi, yaƙi ya ɓarke a Sudan. Ɗaliban Nijeriya da ke Khartum, da yawansu 'yan Arewa, aka kwaso su a motoci zuwa iyakar Masar, suka yi kwanaki a sahara kafin jirgi ya fara sauke su a Abuja a watan Mayu. Haka aka yi a Yukren a 2022. Wane mai duba ne ya hana wani uba tura ɗansa? Ko dala, wadda hukuma ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023, ta haura 1,500 a 2024, wa ya gano ta a rairayi? Wanda ya sayar da shanu don kuɗin shekara huɗu sai ya ga ko biyu ba su kai ba.

Amma akwai na biyu, wanda ba gaibu ba ne, rashin tambaya ne kurum. A Disamban 2023 wani ɗan jarida, Umar Audu na Daily Nigerian, ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Da Janairun 2024 ta kama, gwamnati ta dakatar da tantance digirin Binin da Togo. To, iyayen da suka zuba kuɗi a irin waɗannan makarantu, da sun tambayi Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ko wani malamin jami'a a Zariya, da sun ji abin da zakara goma ba za su faɗa musu ba.

Mu ma a nan ba mu tsira ba. Mun taɓa haɗa gudummawa don wani maraya, muka damƙa wa wani dillalin makarantu, har da masu cewa an duba an ga alheri. Har yau ba makaranta ba kuɗi, yaron yana nan yana acaɓa. Mu da ba ma sayen buhun citta a Kachia sai mun zura hannu har gindinsa!

Istihara kuwa raka'a biyu ce ta nafila da addu'a, mai buƙata shi ke yin abinsa. Ba a ba da kwangilarta, ba kuma dole sai an yi mafarki ba. Bayan bincike da shawara take zuwa.

Don haka ƙungiya ta yanke cewa ba za ta ƙara ba da ko kwabo ba sai an kawo takardar shiga makarantar, da lissafin kuɗi na dukkan shekarun, da lambar wani ɗalibi da ke can wanda za mu kira mu ji daga bakinsa. Mai karatun likita kuma ya sani jarrabawar hukumar likitoci na jiransa in ya dawo. Masu takardu a hannu su ga sakatare bayan sallar la'asar.