Daga Anka Zuwa Gummi a Kan Keke

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai

 

Da sakataren ƙungiya ya ce in tashi in ba da labarin tafiyar nan da muka yi a kan keke, sai na ce masa ai tafiyar kwana shida ba ta ƙarewa cikin minti goma. Saboda haka na zaɓi yini ɗaya, wato ranar ƙarshe, wadda muka taso daga Anka, muka ratsa ƙasar Bukkuyum, muka sauka nan Gummi, garin kwalejinmu.

Bari in fara da dalilin tafiyar, domin ƙannenmu da ba su san zancen ba. A watan Maris na 2010 ne likitocin ƙungiyar MSF suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a wasu ƙauyukan wannan yanki. Yaro zai kama amai da jijjiga, a ba shi maganin zazzaɓi bai ji ba. Da aka auna jininsu sai aka tarar gubar dalma ce. Dareta da Abare da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma a ƙasar Bukkuyum, duk abin ya shafe su, kuma yaran da suka rasu sun haura 400. Musabbabin kuwa shi ne zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, mutane suka dinga haƙo duwatsunta suna kawowa gida, a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gida, alhali duwatsun nan cike suke da dalma. Ƙura ta bi ƙasa, mai rarrafe ya dafa, ya kai hannu baki.

A hunturun da ya biyo baya ne mu shida 'yan aji ɗaya muka hau keke daga Zariya, muka biyo ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, muka wuce Kwalejin Ilimi ta Maru, muka karya kwana a Mayanci zuwa Anka. Ƙaraminmu ya ba arba'in baya. 'Yan'uwa da abokan arziki suka yi alkawarin ba da wani abu a kan kowane kilomita, kuɗin kuma aka sayi hatsi da sabulu da tabarmi aka kai wa iyaye mata masu jinyar 'ya'yansu a asibiti.

To, ran nan muna idar da sallar asuba muka sha koko da ƙosai a bakin tasha, muka ɗaure kaya a kariya, muka kama hanya. Sanyi kamar ya tsinke yatsu, hazo kuma ya rufe gari. Sa'ar da muka ci ita ce iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuwa yamma muka dosa, sai ta zama tana tura mu. Tsohon monitanmu, wanda ya fi kowa tumbi a yanzu, har waƙa yake yi.

Da hantsi ya dubi ludayi, muna cikin ƙasar Bukkuyum, sai tayar bayan tsohon kekena Phoenix ta sace. Muka tura shi zuwa wani ƙauye a gefen hanya, muka sami mai faci a gindin tsamiya. Yana cikin aiki jama'a suka kewaye mu, domin ba kullum ake ganin magidanta da furfura sun sha ƙura a kan keke ba. Da suka ji abin da ke tafe da mu, ni kuma sai na gyara murya na shiga wa'azi. Na ce wannan sana'a ta haƙar zinariya halaka ce, dole a bar ta.

Wani dattijo da ke zaune a kan buzu ya bari har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, mun ji. Jikokina biyu na rufe da hannuna, ba sai an gaya mini zafin abin ba. Amma in mun bari, mi za mu ci? Geron bana bai kai mu bazara."

Jama'a, na yi shiru, don ba ni da amsa. Na tuna albashina yana jirana a Zariya, shi kuwa rumbunsa kaɗai gare shi.

Mai facin ne ya cece ni. Ya ɗago kai ya ce, "To Malam, in an tafasa ruwan, ko a ƙona dutsen, gubar ba ta mutuwa?" Nan take darasin aji uku ya faɗo mini. Na ce masa dalma ba ƙwayar cuta ba ce balle wuta ta kashe ta, ƙarfe ce, inda ta zuba nan take zama shekara da shekaru sai an kwashe ta. Daga nan hira ta sake salo. Muka bar zancen a daina, muka koma ga abin da zai yiwu: kada a kawo dutse cikin gida, a yi niƙa can bayan gari, a jiƙa dutsen da ruwa don kada ƙura ta tashi, turmin daka dutse kada a daka hatsi a ciki, mai aikin ya yi wanka ya sake tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Dattijon ya jinjina kai ya ce, "Wanga kam muna iyawa." Ya sa aka kawo mana fura, ya kuma hana mu biyan kuɗin faci.

Muka yi azahar a Ɗaki Takwas, rana ta take, ƙafafu sun yi nauyi, babu mai sauran waƙa. Sai la'asar sakaliya muka hango fadamun Gulbin Zamfara, muka shigo Gummi. Ɗalibai suka tarbe mu a bakin ƙofar makaranta da tafi. Ni dai na sulale na leƙa ɗakin kimiyya, na tarar da jadawalin sinadarai manne a bango, ga Pb, lamba 82, wadda muka haddace don tsoron bulala da cin jarrabawa. Malam, ga ka nan zaune a gaba, Allah ya saka maka da alheri. Abin da ka koya mana ya fi kuɗin da muka tara amfani a ranar.

Bayan haka an kankare ƙasar gidajen da suka gurɓata an zuba sabuwa, domin maganin fitar da dalma daga jini ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar. Bagega ba a share ta ba sai 2013. A 2015 irin wannan masifa ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. A 2022 kuma MSF ta miƙa aikin ga hukumomin Zamfara. Hanyar da muka bi kuwa, duk mun san yadda 'yan bindiga suka mayar da ita, Allah ya kawo mana ƙarshen abin.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu biyu. Na farko, mu ware wani kaso na asusunmu don ɗaukar nauyin ɗaliban kimiyya 'yan Anka da Bukkuyum da Gummi, ko da mutum uku ne a shekara. Na biyu, duk wanda ya je gida cikinmu, ya zauna da masu wannan sana'a, ya saurare su tukuna, sa'an nan ya yi musu bayani da Hausar da suke ji. Baƙo komai alherinsa wata rana zai koma garinsu, mu ne 'yan gida.

Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri, ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya.