Wane Littafi Za Mu Saya wa Ƙannenmu?



Da aka nemi in yi magana a kan zaɓen littafin shirin jarrabawar shiga jami'a, sai wani abokina ya yi dariya, ya ce ai mutanen da zan tsaya a gabansu sun riga sun haye, me ya gama kifi da kaska? Na ce masa ai su ɗin nake nema. Da wuya a sami mutum ɗaya a ɗakin nan wanda ba shi da ƙane ko ƙanwa a aji shida na sakandare. Idan lokacin rajista ya matso, wurinku ake zuwa a ce, "Yaya, wane littafi zan saya?" Ku kuwa ma'aikata, daga albashinku kuɗin yake fita. Jarrabawar nan sau ɗaya ake yin ta a shekara, sakamakonta kuma na shekarar ne kaɗai. Wanda aka saya wa littafin banza, shekara guda aka ɓata masa.

Bari in fara da abin da ya canja. An kafa Hukumar JAMB a 1978. A 2010 aka haɗe jarrabawar jami'a da ta kwalejojin kimiyya da fasaha da ta kwalejojin ilmi ta zama ɗaya. A 2013 aka fara gwada yin ta a kwamfuta, zuwa 2015 aka bar takarda da fensir baki ɗaya. Yanzu darussa huɗu ne, Ingilishi dole: tambaya 60 a Ingilishi, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun, jimla 180 cikin awa biyu. Ku lissafa da kanku, daƙiƙa 40 ke nan ga kowace tambaya. To, littafin da ya yi wa babban yayanku amfani a zamanin fensir, bai san da wannan gudu ba.

Saboda haka abin da za a fara nema, tun kafin a taka kasuwa, shi ne manhajar da hukumar ta fitar, tare da kundinta mai bayyana darussan da kowane kwas yake bukata. Suna shafinta na intanet, kyauta. Mai son likitanci, alal misali, Ingilishi da Bayoloji da Kemistiri da Fizis zai rubuta. Manhajar ita ce ma'auni. A riƙe ta a hannu ɗaya, a buɗe jerin babi-babi na littafin da ɗayan, a gani ko sun tafi tare.

Sa'an nan a dubi shekarar bugu. Ga dalili. A ɓangaren Ingilishi akwai littafin labari da hukumar kan zaɓa, kuma takan sauya shi. A 2021 aka fara karanta The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli, a 2025 aka koma The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba. Mai shago ba zai gaya muku cewa taƙaitaccen labarin da ke cikin littafinsa ya tsufa ba. Shi burinsa ya rabu da kaya.

Yanzu in zo ga abin da ya fi damuna, wato littattafan tambayoyin baya. Ni ma na taɓa faɗawa. Na sayo wa ƙanwata wani ƙaton littafi a kasuwa, don na ga kauri na zaci ilmi ne. Tambayoyi fal, amma amsoshin duk an jera su a shafin ƙarshe: ɗaya B, biyu D, uku A, babu ko layi guda na bayani. Yarinya ta duƙufa tana hadda. Sai wata rana ta yi gardama da malaminta a kan wata tambayar Kemistiri, ta ce ai littafi ya ce C. Da aka bi lissafin tiryan-tiryan, ashe littafin ne ya yi kure. Da muka zauna muka bincika babin, sai muka ci karo da wasu kurakuran. Abin da ya fi ba ni tsoro, ta riga ta yarda da baƙin da ke kan takarda fiye da hankalinta.

Tun daga ranar na ɗauki wata al'ada. Kafin in biya kuɗi, sai in buɗe babin da na fi sani, in yi tambaya goma a tsaye nan bakin shago, in gwada da amsoshinsu. In na ga kure, ko na ga amsa ba bayani, sai in ajiye. Nakan kuma duba ko akwai sunan marubuci da na kamfanin ɗab'i, don littafin da babu mai ɗaukar alhakinsa abin gudu ne. Bugun sata ma ba ya ɓuya: zane ya dusashe, lambobi sun cakuɗe, wani shafin ya ɓace. Wanda kuwa ya rubuta a bangonsa cewa ga tambayoyin da za su fito bana, ku wuce shi, ko ciniki kada ku yi.

Kada kuma a ɗora wa littafin tambayoyi nauyin da ba nasa ba. Aikinsa ya nuna wa yaro inda yake da rauni. Gyaran kuwa yana cikin littafin darasi na ainihi, irin su New School Chemistry na Ababio ko New General Mathematics. In kuɗi bai kai a sayi duka ba, ni dai na fi son a sayi na darasin, a ari na tambayoyin.

Saura kwamfuta. Na ga yaro mai ƙwazo wanda bai taɓa zama gabanta ba sai ranar jarrabawa, hannunsa na rawa. Alhali abin ba wuya: A, B, C, D don zaɓen amsa, N a ci gaba, P a koma baya. Hukumar kan shirya jarrabawar gwaji kafin ta ainihi, ga wanda ya nuna yana so tun wajen rajista. Ku biya musu kuɗinta. Ku kuma da ke da kwamfuta a ɗaki, ku ba su aronta ranar Asabar, ku ajiye agogo a gabansu, awa biyu cif.

Malam shugaba, na ga kana duban naka agogon.