Sabon Maganin Ciwon Sukari na Yara: Jawabi ga Iyaye a Sakkwato

 Wasu daga cikinku sun tare mu da tambaya cewa sun ji Turawa sun samo maganin ciwon sukari na yara, ko yanzu za a huta da allura? Shi ya sa muka ce bari mu zauna mu faɗi yadda abin yake.

Ciwon sukarin da ke kama yara daban yake da na manya, kuma ba shan zaƙi ke kawo shi ba. Garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, ita ce ke juyowa ta afka wa ƙwayoyin da ke yin insulin a wata gaɓa da ke bayan tumbi, kamar mai gadin da ya ɗauki yaran gida a matsayin ɓarayi. Saboda haka likitoci suka daɗe suna neman hanyar lallashin garkuwar. A shekarun 1980 sun gwada maganin cyclosporine, ya ɗan taimaka, amma yana lalata ƙoda, sai aka bar shi.

A watan Nuwamba 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani mai suna teplizumab ga masu shekara 8 zuwa sama. Ta hanyar ƙarin ruwa ake ba da shi, kwana 14 a jere. A gwajin da aka yi wa mutum 76, ya jinkirta bayyanar ciwon da kusan shekara 2. Ku lura, jinkiri muka ce, ba warkewa ba. Kuma waɗanda aka ba su ne waɗanda gwajin jini ya nuna garkuwarsu ta fara kai hari amma alamu ba su fito ba tukuna. Kuɗinsa lokacin da ya fito ya kusa dala 194,000. A nan kuwa yawancin yaranmu sai sun galabaita ake ganewa, bayan an sha ba su maganin zazzaɓi.

Abin da ya fi damunmu shi ne masu tallar magani da lasifika a kasuwa, suna cewa nasu yana ƙara ƙarfin garkuwa, yana raba mutum da sukari. To, garkuwar ce fa ke ɓarnar! Mun san wata uwa da ta tsai da allurar ɗiyarta saboda irin wannan magana, kafin kwana uku yarinyar ta suma. Da ƙyar aka ceto ta. Tun 1922 da aka fara yi wa wani yaro allurar insulin a Kanada, ita ce ke riƙe da ran masu wannan ciwo. Kada a daina ta ko na yini ɗaya ba da izinin likita ba.

In yaro yana yawan ƙishirwa da fitsari, yana ci amma yana ramewa, ko ya koma fitsarin kwance bayan ya daina, ko tururuwa na bin fitsarinsa, a kai shi a gwada jininsa a ranar, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko asibiti mafi kusa.

Sai maganar zafi. Kun san Sakkwato a watan Afrilu, ga kuma halin wutar lantarki. Wanda ba shi da firji ya sa kwalbar a gwangwani mai murfi, ya ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa. Kwalbar da aka buɗe kada ta wuce mako huɗu.