Kayan Nutso a Jirgin Sama: Jawabi ga Masu Aikin Ceto a Maiduguri



Ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya mamaye Gwange har ya shiga fadar Shehu. Tun daga ranar nan babu mai gardama cewa garin nan yana bukatar masu nutso, watau waɗanda su ke shiga ƙarƙashin ruwa goye da tukunyar iska. To, amma koyon aikin da sayen kayansa galibi sai a bakin teku, Ikko ko Fatakwal, zuwa da dawowa kuwa a jirgin sama ne. Lalle ne ku san yadda a ke ɗaura kayan nan, domin akwai waɗanda za su iya hallaka jirgi.

Babban abin tsoro shi ne tukunyar. Idan an cika ta, matsin iskar da ke ciki ya kai wajen ninki ɗari na tayar ƙaramar mota. A shekarar 2008 wata tukunyar iskar shaƙa ta fashe a cikin jirgin kamfanin Qantas yana sama, ta ɓula masa ciki, sai da ya yi saukar gaggawa a Manila. Tukunyar jirgin ce da kansa, wadda injiniyoyi ke dubawa. Ina ga wadda fasinja ya cusa a akwati? Saboda haka ƙa'idar jiragen sama ta hana fasinja ɗaukar cikakkiya. A sake iskar duka, a kwance bawul ɗin, domin ma'aikacin tsaro ya leƙa ya ga babu kome a ciki. Ni dai a ganina gara a bar ta. Ko babu iska nauyinta wajen kilo 14 ne, kuma inda a ke nutso akan sami ta haya. Haka nan darmar da a ke ɗaurawa a ƙugu.

Wuƙa sai a akwatin da za a sa a ɗakin kaya, cikin kubenta. Tocila kuwa a cire mata batir, kada ta kunna kanta ta yi zafi ta kama tufafi. Batiran litiyam da aka cire a jakar hannu za su zauna, a liƙe bakinsu, domin in sun kama wuta a gaban mutane za a gani a kashe. Na'urar shaƙa da gilashin fuska su ma a riƙe su a hannu. Ransu ne a ƙarƙashin ruwa. Sauran kaya a shanya su su bushe tukuna.

Akwai kuma jikin mai nutso da kansa. Iskar naitirojin takan narke cikin jininsa sa'ad da ya ke ƙasa. Matsin iska a cikin jirgi kuwa kamar na kan dutse mai tsawon ƙafa 8,000 ne. In ya hau da wuri sai ta yi kumfa, kamar an buɗe kwalbar lemo, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko ma mutuwa. Likitocin fannin sun ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi ta shiga ana fita. Wanda zai dawo daga Ikko, ya yanki tikitin da zai ba shi kwana guda cur a tudu.