Daga Lambatu Zuwa Gulbin Rima



Garuruwan bakin teku suna kashe maƙudan kuɗi don kada ruwan ƙazantarsu ya ɓata tekun da ke ciyar da su. Mu ba mu da teku, amma gulabenmu can suka nufa. Rima ta biyo ta Goronyo da Wurno, Gulbin Sakkwato ya biyo ta Rabah, su haɗe kusa da birnin Sakkwato, su wuce Argungu, su faɗa Kwara, ita kuma ta zube a Tekun Atlantika. Sai dai kafin dattinmu ya kai teku, randar maƙwabcinmu yake fara shiga.

Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana iya riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma da ita birnin Sakkwato ya dogara. Mun ga halinta kashi biyu. A 2010 ambaliya ta cinye gonaki da ƙauyuka. A 2018 ruwan ya janye har ya koma kusan kashi goma cikin ɗari. Kowane hali da tasa cutar. In ruwa ya yi ambaliya, sai ya cika masai, ya kwashi abin da ke ciki ya juye a rijiya. In ya ƙafe, ƙazantar da gari ke zubarwa ba ta samun ruwan da zai tsarma ta.

Ku bi rariyar kowane gida da ido. Ruwan wanka da na wanke-wanke ya fito lungu, ya haɗu da jinin mayanka, ya kwanta a kududdufin bayan gari inda aka haƙi ƙasar gini. Nan yara ke iyo, nan tsargiya ke kama su. Da ruwan farko ya sauka, kududdufin ya tumbatsa ya gangara fadama, inda ake ban ruwan albasa da shinkafa. Malamanmu na fiƙihu sun koya mana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukuncin tsarki ne. Ƙwayar cutar amai da gudawa kuwa tana zama cikin ruwa garau, kuma a 2021 an ƙiyasta ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya.

Maganin bai fi ƙarfinmu ba. Akwai hanyar tacewa da ba ta buƙatar lantarki: tafkuna uku a jere, a daɓe ƙasansu da yumɓu. Na farko mai zurfin kamar mita 3, nan dauɗa ke kwantawa ta ruɓe. Na biyu ya fi faɗi, bai kai shi zurfi ba, gansakuka na samar da iskar da ƙananan halittu ke buƙata don cinye sauran dattin. Na uku marar zurfi, rana ke ratsa shi ta kashe ƙwayoyin cuta. Cikin 'yan makonni ruwan ya isa ban ruwa. A gabashin Kolkata ta Indiya, irin waɗannan tafkuna ne ke kiwon kifi da ruwan ƙazantar birni. Fili da zafin rana suke so, mu kuwa ba mu rasa ko ɗaya ba. Sharaɗin dai a haƙa su a tudu, inda ambaliya ba ta kaiwa.

Roƙona uku ne. Sarakuna su ba da filin haƙa tafkunan. Ƙananan hukumomi su dawo da martabar dubagari, ya tabbatar kowane masai ya yi nesa da rijiya da aƙalla mita 30. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, tare da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, su riƙa auna ruwan gulbi rani da damina, su sanar da jama'a sakamakon da Hausa. A fara gwada tafkunan a mayanka guda kafin damina mai zuwa, sauran garuruwa su zo su gani da idonsu.